Iƙirarin Dada

Ni malamar Hausa ce a makarantar sakandare, kuma ina da wani mugun hali: ba na iya jin an karya harshe in wuce. A Jalingo kuwa mai irin wannan hali kansa kawai yake wahalarwa, domin garin nan kowa da irin Hausarsa. Bafulatani ya ja ta nan, Bamumuye ya ja ta can, Bajukune ya dubi mace da ɗankwalinta ya ce mata "kai", kuma kasuwa na ci lafiya lau. Ban taɓa jin wanda ya rasa cinikin doya don ya ce wa akuya "shi" ba. Ni kaɗai nake yawo ina gyara, har mijina kan ce da za a bar ni da sai na bi masu keke napep da jan biro.

Kakanninmu daga Katsina suka zo. Baba maɗinki ne, ya kafa gidansa a Barade tun unguwar tana da sauran gonaki a tsakanin gidaje. Filin da ya samu dogo ne, ya gine gaba, baya ya rage ciyawa da tudun gara. Wannan bayan ne ya yanka wa abokinsa, wani kafinta Bamumuye, Kirista, wanda ya yi masa rufin gida. Kafintan ya tayar da ɗakuna da madafa a wurin, ya kawo matarsa. Ita ce duk unguwa ke kira Dada, wato uwa da Fulatanci, ko da yake ita ba Bafulatana ba ce. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ita ma gajeriya. Ta samanta shinkafar Kirsimeti ke tsallakowa, ta nan naman Layya ke tafiya. Lokacin da Inna ta kwanta ciwon ajalinta, Dada ce ke yi mata wanka tana juya ta, ni 'yar cikinta ina tsaye ina kuka ban tsinana komai ba.

Hausar Dada ta kasuwa ce. Namiji "kai", mace "kai", akuya da bunsuru duk "shi". Tun ina kwalejin horon malamai na mayar da ita ɗalibata ta farko, ba tare da ta nema ba. Maganar namiji da mace ta gagara, na haƙura. Darasi ɗaya ne ya shiga kanta ya zauna daram, kuma da na sani da shi ma bai shiga ba.

Wata rana ana suna a gidanmu, wata baƙuwa daga Zariya ta ga ɗan Dada yana shigo da kujeru, ta ce, "Wannan saurayin naki ne?"

Dada ta dafa ƙirji. "Nawa ne. Ni na haife shi, a wancan ɗaki."

Mata suka kwashe da dariya, wasu suna rufe baki da mayafi. Ba dariyar mugunta ba ce, amma na ga fuskar Dada ta sauya. Da taro ya watse ta same ni a bakin rijiya ina wanke-wanke.

"Yarinya na, me na faɗa ba daidai ba?"

Daɗi ya kama ni, yau ɗaliba ta kawo kanta. Na tsane hannu na shiga bayani. Na ce a wurinmu mutum mai kunya ba ya buɗe baki ya ce "nawa". In an tambaye ki ɗa, ki ce "naku ne". In an yaba zanenki, ki ce "ai naki ne". In babba ya tambaye ki gida ko gona, ki ce nasa ne, ke a ƙarƙashinsa kike. Na ce mata sunan wannan kara, kuma da ita ake gane ɗan mutunci.

Ta juya maganar a ranta, ta ce, "To in na ce naka ne, ya ɗauka fa?"

Na yi dariya har kwano ya suɓuce mini. "Haba Dada, wa zai ɗauka? Magana ce kawai. Shi ma ya san ba nasa ba ne."

Daga ranar abin ya zame mana wasa. In na leƙa ta katanga na ce, "Dada, kazar nan ta wa?" sai ta ɗaga murya, "Naka ne," mu yi ta dariya. A hankali wasa ya koma ɗabi'a. Na sha jin ta tana yi wa mai unguwa, tana yi wa fastonsu, har matan unguwa suka fara cewa Dada ta fi wasu Hausawan iya magana. Duk lokacin da na ji haka kaina kumbura yake yi, domin aikina ne.

Da kafintan ya rasu, Baba ya shiga yi mata gaisuwa, ina biye da shi riƙe da fulas ɗin kunun gyaɗa. A lokacin na riga na yi aure, da hankalina sarai. Ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Kada ki sa wa ranki tunanin wurin zama. Wurin nan na ba mijinki halak malak, naku ne ke da ɗanki." Da kunnena na ji. Babu wanda ya yi tunanin kiran shaidu, domin a wurin Baba maganarsa ta isa. Sai dai shi ɗin dai, har ya bar duniya in zai ambaci wurin "bayan gidana" yake cewa. Yayanmu, wanda ya yi shekarunsa yana jan babbar mota tsakanin Kano da kudu, wannan ce kawai kalmar da ya sani.

Baba ya rasu bayan an shimfiɗa kwalta a layin baya. Wurin da a da ko akuya ba ta son kwana ya wayi gari yana kallon titi. Da aka zo rabon gado, mu uku ne magada: Yaya, da ƙanenmu, da ni. Yaya ya haɗa har da wurin Dada a cikin abin da za a raba. Na ce masa kyauta ce, ya ce aro ne. Na faɗa masa abin da na ji ranar gaisuwa, ya ce Baba mutum ne mai daɗin baki a gidan makoki. Muka yi ta yi har na faɗa masa maganar da ba a faɗa wa yaya, shi kuma ya ce to a je gaban alƙali, abin da shari'a ta ce shi ke nan. Ba na so in zana Yaya a matsayin azzalumi. Yana da 'ya'ya cike da gida, ƙafarsa ta daina ba shi damar tuƙi, kuma har zuciyarsa ya yarda aro ne.

Ranar da sammaci ya iso wa Dada daga kotun yanki, ko abinci ba ta ɗora ba. Ɗanta, wanda ke noman doya a Iware, ya zo ya ce a ɗauki lauya. Ta ce ita ba za ta yi shari'a da yaran Baba ba, in ya kawo lauya ba da yawunta ba. Ni ma na goyi bayanta, na ce lauyan me, abin da yake a fili. Ta shekara fiye da talatin a wurin, duk Barade shaida ne.

"Me zan faɗa a can?" ta tambaye ni.

"Gaskiya kawai," na ce. "Amma alƙali babba ne, ki yi masa magana da ladabi."

Ta ɗaura zanen zumuntar mata na cocinsu, muka shiga keke ɗaya.

Kotun ɗaki ne mai benci da fanka da ba ta juyawa. Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya, ba ya gaggawa. Ya fara da bayyana cewa duk abin da mamaci ya bari sunansa tarika, kuma kafin a raba tarika sai an tsame abin da ba nasa ba. In wurin da wannan baiwar Allah take ciki kyauta ce, ya fita daga tarika, ba ruwan magada da shi. In aro ne, yana ciki. Na zauna ina gyaɗa kai. Waɗannan kalmomi ai abincina ne, kowace shekara sai na rubuta su a allo a darasin keɓaɓɓun kalmomin shari'a, yara su haddace su zuba mini a jarrabawa.

Yaya ya faɗi nasa. Aka kira Dada, ta tashi ta je gaba, ta rusuna.

"Mama," in ji alƙali, "wurin da kike zaune, na wane ne?"

Kafin ta amsa sai ta waiwayo ta dube ni. Irin kallon da ɗalibi ke yi wa malami in ya san amsa amma yana so a gani. Sannan ta juya ta ƙara rusunawa.

"Ranka ya daɗe, na Baba ne. Mu a ƙarƙashin shi muke."

Na yi murmushi. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin kamar in tsine wa kaina. Jimla ta fita tsaf, ladabi ya cika, a gaban jama'a, kuma ni na koyar. Ta sake waiwayowa, na gyaɗa mata kai.

Alƙali ya ajiye biro. "Ki natsu, Mama. Ba ku ya yi, ko ara muku ya yi?"

"Shi ya ba mu wuri mu zauna. Komai na shi ne. Mu ma na shi ne."

"To yanzu da ya rasu, wurin na wa?"

"Na yaran shi ne mana, ranka ya daɗe."

"Kin gane abin da nake tambayar ki?"

"Na gane."

Dada ba za ta taɓa ce wa babban mutum ba ta gane maganarsa ba, wannan ma rashin kunya ne a wurinta. Alƙali ya dube ta na ɗan lokaci, ya juya wajen magatakarda ya ce, "Rubuta, ta yi iƙirari."

Sai a lokacin kalmar ta faɗo mini a ka. Iƙirari: mutum baligi mai hankali ya faɗa da bakinsa, ba tilas, cewa abin da ke hannunsa haƙƙin wani ne. Haka nake rubutawa a allo, har nakan ja layi a ƙarƙashi in ce wa yara ya fi shaida ƙarfi. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Allah gafarta Malam, kara ta yi. Ba haka take nufi ba."

Ɗan sandan kotu ya ce in zauna. Alƙali ya ɗaga masa hannu, ya tambayi ko ni wace ce, na faɗa. Na zayyana masa maganar Baba ranar gaisuwa, na ce a rantsar da ni in ana so. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba.

"Malama," ya ce, "na san kara, a cikinta aka haife ni. Shi ya sa na maimaita mata tambaya. Amma ni ba a ba ni ikon hukunci da abin da ke cikin zuciya ba, sai abin da baki ya furta. Shaida kuwa mai da'awa ake kawo wa. Ita ba ta yi da'awar komai ba, cewa ta yi ba nata ba ne. Wa za ki yi wa shaidar?"

Ya ci gaba a hankali, kamar yana jin nauyin abin shi ma. Ya ce akwai abin da ake kira hauzi. In mutum ya riƙe wuri shekara goma, yana gini yana rushewa, mai wurin yana gari yana kallo bai ce uffan ba, to ba a sauraren ƙarar da za ta zo daga baya. Da Dada ta ce "nawa ne", kalma ɗaya, da daɗewarta a wurin ta ishe ta hujja, da Yaya ne zai sha wahalar kawo shaidun aro. Amma hauzi ba ya amfanin wanda ya amsa da kansa cewa a ƙarƙashin wani yake zaune. Kuma iƙirari a kan haƙƙin ɗan'adam, in ya fita, ba a janye shi.

Hauzi ma yana cikin kalmomin allona. Na san ma'anarsa tun kafin a haifi wasu daga cikin masu zama a bencin nan. Ban taɓa kawo wa raina cewa wata rana zai tsaya kusa da Dada haka, ni kuma in kore shi da gyaɗa kai ba.

Aka ɗaga zama. A cikin keke Dada sai murna take yi an gama lafiya, tana cewa alƙalin mutumin kirki ne, ko tsawa bai yi mata ba. Ta ce, "Na yi magana da kyau, ko?" Na ce mata e.

Sai da la'asar na tsallaka wurinta. Tana tsince wake a faifai. Na zauna a kan turmi na warware mata abin da ya faru, da Hausa mai sauƙi, irin wadda da ita ya kamata in yi mata bayani tun kafin mu je. Hannunta ya tsaya a cikin waken.

"Wato na ba da gida da baki na?"

"Haka shari'a ta ɗauka."

"Ba kai ka ce magana ne kawai ba?"

Ba da faɗa ta faɗa ba. Tambaya ce ta mai son a tuna masa ko shi ne ya manta. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na ce mata a gida magana ce kawai, a kotu kuwa ba haka ba ne. Ta ce, "Ba ka faɗa mini akwai wurin da ba a yi ba." Gaskiyarta, ban faɗa ba. Na koya mata rabin abu na tafi ina taƙama.

Na roƙe ta in an koma ta ce ba ta gane tambayar ba, ko Allah zai sa a duba. Ta girgiza kai. Ta ce ta faɗa a gaban mutane cewa ta gane, yanzu ta koma da zanen coci a jikinta ta ce ƙarya ta yi? Ɗanta ya zo daga Iware ya yi ta faɗa, da ita da ni. Ni ya fi yi wa, kuma ban tanka ba, ni da ba a faɗa mini ɗaya ban mayar da biyu ba. Ya je ya ga wani lauya a unguwar Kachalla Sembe, lauyan ya ce ana iya ɗaukaka ƙara amma kada ya sa rai sosai, tunda ga abin da bakinta ya faɗa a rubuce. Dada ta ce ko da rai ko ba rai ita ta gama zuwa kotu da yaran Baba.

Na koma wa Yaya. Wannan karon ban yi masa tsiwa ba, durƙusawa na yi. Na ce ya san Dada, ya san yadda take magana, ya dubi wankan da ta yi wa Inna.

"Ni ban sa mata magana a baki ba," ya ce. "Kina wurin. Ke ce ma kika gyaɗa mata kai, na gan ki."

Ashe ya gani. Ya ƙara da cewa ba zai kore ta ba, tana iya zama a ɗaki ɗaya har ƙarshen ranta, amma gefen titi shaguna zai yi, domin da su zai ciyar da yara. Ƙanenmu kuwa duk inda Yaya ya sa ƙafa nan yake sawa.

A zama na ƙarshe alƙali ya yi abin da ake kira i'izari, wato damar ƙarshe da ake ba mutum kafin a yanke hukunci, don kada ya ce an toshe masa baki. Ya ce, "Mama, kina da sauran magana, ko wata hujja da ba ki kawo ba?" Ya jira fiye da yadda aka saba. Ni ina bayanta ina addu'a a zuci, har gumi ya jiƙa mini hijabi. Wannan karon ba ta waiwayo ba.

"Babu, ranka ya daɗe. Sai godiya."

Wurin ya shiga tarika.

Da aka zo rabo na ce a ba ni kasona a can baya. Rabon mace rabin na namiji ne, kuma saboda titi masu ƙiyasi sun ɗaga darajar wurin, don haka abin da ya faɗo mini bai wuce ɗakin kwananta da madafa da 'yar tsakar gida ba. Na yafe ɗakin Inna da nake ƙauna, na yafe komai na cikin gida, na karɓi wannan. Na tambayi alƙali yadda zan mayar mata. Ya ce hanya ɗaya ce, kyauta, kuma kyauta tana da sharaɗi: mai bayarwa ya mallaki abin, ya furta ya bayar, wanda aka ba ya karɓa. Wato kafin in mayar wa Dada ɗakinta sai na fara amsa cewa nawa ne. Na amsa, na sa hannu, bakina da ɗaci kamar na tauna maɗaci.

Na je mata da labarin ina tsammanin ko yaya zuciyarta za ta yi sanyi. Na ce ɗaki da madafa yanzu a hannuna suke, na ba ta duniya da lahira, abin da ya rage ta ce ta karɓa a gaban shaidu biyu.

"In karɓa daga hannun ka?"

"E, Dada, don ya zama naki a shari'a."

"Baba ya riga ya ba. Kai kana wurin, da fulas a hannun ka. Ta yaya za a ba ni abu ɗaya sau biyu?"

Ranar ce na fara jin ta kira wurin nata, bayan shekaru masu yawa, kuma a inda ba mai rubutawa. Na yi bayani, na sake yi, har na fara jin haushi irin na aji, na ce taurin kai ba zai gyara komai ba. Ta bar ni na gama. Ta ce in ta karɓa ta yarda ke nan duk zaman da ta yi a wurin zaman aro ne, mijinta ma a ɗakin aro ya mutu. Ta ce ɗanta ya gyara mata ɗaki a Iware, bayan an cire doya za ta tafi.

Kalmomin nan har yanzu suna cikin manhaja, dole in koyar da su. Da zangon ya zagayo na rubuta "iƙirari" a allo, na juyo in yi bayani, murya ta ƙi fita. Yara suka zuba mini ido. Na ce su kwafa, na fita na tsaya a baranda. Mijina ya ce ba laifina ba ne, ni alheri na nufa, kuma na san a shari'a babu wanda zai kama ni da komai. Wannan ɗin ne ma ya fi ci mini rai. Yaya ya bi doka, alƙali ya bi doka, Dada ta yi ladabi, ni na koyar da Hausa mai kyau, kuma tsohuwa ta rasa gidanta.

Ranar tafiya ɗanta ya zo da motar ɗaukar doya. Matan cocinsu da matan layinmu suka taru ana fitar da kaya: gado, tukwane, buhun masara, kaji a cikin kwando. A gefen titi an riga an sauke bulon Yaya. Ni ina ta kai da kawowa, ina ɗaukar abin da ba a ce in ɗauka ba, don kada in tsaya wuri ɗaya. Da ɗakin ya zama fayau Dada ta share shi tas, ta share madafa, ta jingine tsintsiya. Sannan ta tsaya a bakin ƙofa tana shafa ta. Ƙofar katako ce mai nauyi, mijinta ya yi ta da hannunsa shekarar da suka tare.

"Malama," ta ce. Ba ta taɓa kira na haka ba sai ranar. "Ƙofa ɗin nan, shi ma tarika ne?"

"A'a, Dada. Taki ce. Mijinki ya yi ta, ba ta shafi gadon Baba ba. A cire a sa a mota."

Ɗanta ya ɗauko guduma ya nufo ƙofar. Ta ɗaga masa hannu ya tsaya. Ta dube ni, ba fushi a fuskarta ko kaɗan.

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"A bari tukuna," ta ce. "Ka je ka tambayi alƙali. In shi ya ce nawa ne, sai a aiko mini."

Ta ja ƙofar ta rufe, ta miƙa mini makulli da hannu biyu, ɗanta ya taimaka mata ta hau gaban mota.